Abin da na koya a ofishin kago a Guangzhou

Na ajiye aiki a ofishin kagon (masu saye da tura wa 'yan kasuwa kaya) da nake yi wa hidima a unguwar Xiaobei ta birnin Guangzhou a Chana. Tunda ƙannenmu ɗalibai suna ta tambayata ko su shiga harkar idan sun gama karatu, gara in faɗa sau ɗaya kowa ya ji.

A gida an saba cewa kayan Chana ba sa ƙarko. Wanda ya taɓa zama a ofishin mai masana'anta ya san ba haka zancen yake ba. Basine daidai kuɗinka yake yi maka, kuma sau da yawa mutanenmu ne ke zaɓar na banzan da bakinsu.

Wani ɗan kasuwa daga Kano ya ba ofishinmu odar fitilun sola na kan titi, kwantena guda. Maigidanmu, wanda zan kira Alhaji kawai, ya tura ni Guzhen da ke Zhongshan, garin da kusan ba a sana'ar komai sai fitila. Mai masana'antar ya zuba mini shayi a 'yan ƙananan kofunan nan nasu, ya sa aka kwance fitilu uku a kan tebur. Jiki ɗaya, fenti ɗaya, lambar ƙarfin wuta ɗaya a kwali. Batiran ciki ne suka bambanta, na ukun bai kai rabin na farko nauyi ba. Ya danna farashi uku a kalkuleta ya juyo mini da ita, bai ɓoye komai ba.

Na aika wa Alhaji saƙon murya na ce, "Ranka ya daɗe, a wannan farashin da kake so fitilar ba za ta kai asuba ba." Ya ce, "Kai yaro, ni ka zo koya wa kasuwa? Ka ba shi kafin alƙalami ka taho." Na biya kashi 30 cikin ɗari kamar yadda aka saba, a kan ta ukun. Shi kuwa mai kayan, kuɗin ta farko aka caje shi.

Kaya suka sauka Apapa, suka isa Kano, damina ta kama, fitilu suka riƙa mutuwa tun kafin tsakar dare. Da mai kaya ya taso da faɗa, sai Alhaji ya ce masa yaronsa ne ya haɗa baki da Sinawa aka ci kuɗin. Aka yi ta yankar albashina. Na yi shiru, domin takardar zamana da sunan kamfaninsa aka yi ta, kuma duk baƙar fatar da ta ga watan Afrilun 2020, lokacin da aka fitar da 'yan Afirka daga gidajen haya da otal a Guangzhou da sunan korona, ba ta wasa da maganar takarda. Don haka ƙanena, kafin ka tambayi albashi, tambayi wa ke riƙe da bizarka.

Abin da su Alhaji suka ƙi ganewa shi ne Sin ɗin da suka sani a shekarun 2000 ta wuce. Ladan ma'aikaci ya hau. Leburorin da ke zuwa daga Hunan da Guangxi da Sichuan sukan tafi gida bikin sabuwar shekara, masana'antu su rufe na makonni, wasu kuma ba sa dawowa. A 2022 yawan jama'ar ƙasar ya fara raguwa. Tun da kamfanin gidaje na Evergrande ya kasa biyan bashi a 2021 kasuwar gini ta yi sanyi, har masu tayil na Foshan da a da ba sa kallon ƙaramar oda suka koma su ne ke kiranka. Daga ɓangarenmu kuma, da aka saki naira darajarta ta faɗi a Yunin 2023, mai loda kwantena ya koma haɗa kaya da wasu. Ga kasuwar intanet ta Alibaba, ga manhajar WeChat mai fassara saƙo nan take, ga Sinawa da kansu a Kantin Kwari. Dillalin da jarinsa kawai shi ne mai kaya bai san farashi ba, kwanansa ya kusa ƙarewa.

Garin kam zan yi kewarsa. Tsohuwa mai gasa dankali a bakin titi ma lambar QR take nuna maka ka ɗauka da waya ka biya, sai ka yi wata ba ka taɓa takardar kuɗi ba. Jirgin ƙarƙashin ƙasa ba ya saɓa lokaci. Amma a bayan dogayen benayen akwai lunguna irin na Dengfeng, inda gidaje suka matsu har maƙwabta za su iya musabaha ta taga, nan 'yan ci-rani da yaran da ke kai abinci a kan babur mai batir suke kwana. Su ma suna fama da rajistar zama ta garinsu, wadda ke hana 'ya'yansu samun makarantar gwamnati cikin sauƙi a birni. Idan yunwa ta kama ka, nemi shagon taliyar Lanzhou mai koren allo, halal ne. Juma'a kuma ga masallacin da ke kusa da kabarin da ake dangantawa da Sa'ad bin Abi Waƙƙas.

Sauran shawarwarin ba su da yawa. Ka yi rajista wajen 'yan sanda cikin awa 24 da sauka sabon gida. Kada ka biya cikon kuɗi sai ka buɗe kwali da hannunka. Duk umarnin da aka ba ka da baki, ka nemi a maimaita a rubuce ko a murya, ka adana.

Saƙon Alhaji na adana shi, kuma bayan na karɓi sabuwar takarda na tura wa mai fitilu ya saurara. Yanzu kai tsaye yake saye daga masana'antar Guzhen, mai batir na tsakiya, ni nake duba masa kaya kafin a loda.