Kulocin da ya hana ni barci

Kwana uku ke nan da muka gama sauya injin tsohuwar Land Cruiser ɗina. Mun cire 3F mai shan fetur, muka ɗora 1HZ na dizal, mai silinda 6, lita 4.2, irin wanda direbobin hanyar Agadez suka amince da shi a cikin rairayi. Inji ya tashi lafiya lau, na ce shi ke nan. Ashe da sauran rina a kaba.

Na taka kuloci har ƙasa, na nemi ribas, sai giya ta yi ta ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Raina ya ɓaci matuƙa, don kuɗin da na tara na shekara guda ne a cikin motar nan.

Mun fara da fitar da iska daga famfon kuloci na ƙasa. Yaron gareji yana taka feda, Malam makanike yana kwance a ƙarƙashi yana sassauta noti, man birki na ɗiga da kumfa a cikin gwangwanin madara. Feda ta yi tauri, amma ƙarar ba ta tafi ba.

Malam ya share hannu ya ce, "Alhaji, sai mun sauke giyabos." Nan muka ga ɗan ƙaramin boris ɗin da ke tsakiyar filawil, wato faifan ƙarfen da ke juyawa a bayan inji, ya cije, yana jan sandar giya ko an taka kuloci. Abu bai kai murfin kwalba biyu ba!

Muka sa sabo, muka daidaita faifan kuloci tsakiya, muka bar wa feda ɗan wasa a sama. Da yamma na shiga yashin bakin rafi da ita, giya ta biyu ta shige shiru. Alhamdulillahi.