Yadda na sauke bashin katin kiredit a Amurka ba tare da makina ya faɗi ba

A Amurka, mai gidan haya da dillalin mota da bankin da ke ba da rancen gida duk sukan duba tarihin bashin mutum kafin su saurare shi, kuma daga wannan tarihi ake fitar wa mutum da maki; makin da masu ba da rance suka fi dogara da shi shi ne na kamfanin FICO, wanda ke kamawa daga 300 zuwa 850. Saboda haka, lokacin da bashi ya taru mini a kan katunan kiredit bayan iyalina sun iso Bronx a birnin New York, inda hidimar sabon zama ta haɗu da aike gida, abu biyu ne suka tsaya mini a rai: in rabu da kuɗin ruwa, wanda a matsayina na Musulmi ba ya barin zuciyata ta natsu, sannan kada makin da na daɗe ina ginawa ya rushe.

Na fara ne da sanin yadda ake auna makin. Kashi 35 cikin ɗari ya rataya ne a kan biya a kan lokaci, kashi 30 kuma a kan yawan bashin da ke wuyan mutum, musamman idan aka gwada shi da iyakar da banki ya yanka masa. Sauran ya rabu tsakanin daɗewar asusu da sabon rance da ire-iren bashi. Don haka na umarci banki ya riƙa cire mafi ƙarancin biya na kowane kati kai tsaye daga asusuna duk wata, domin jinkirin da ya kai kwana 30 yakan isa ga Equifax da Experian da TransUnion, kamfanonin da ke ajiye tarihin bashin mutane, kuma yana iya zama a tarihin mutum har shekara bakwai.

Mafi ƙarancin biya kuwa ba ya kashe bashi, sai dai ya tsawaita shi. Dokar katunan kiredit ta 2009 ta tilasta wa bankuna su rubuta a takardar bayanin kowane wata tsawon lokacin da bashin zai ɗauka idan mutum ya tsaya a kan mafi ƙaranci, da kuma abin da zai riƙa biya idan yana son gamawa cikin shekara uku. Wannan adadi na biyu shi na ɗauka a matsayin ma'auni. Duk abin da na samu na ƙarin aiki na zuba shi a kan katin da ruwansa ya fi tsada, wanda ya haura kashi 20 cikin ɗari a shekara. Akwai masu fara kashe ƙaramin bashi don su sami ƙwarin gwiwa, kuma ban ga laifinsu ba, amma ni kowace dala ta ruwa nauyi ce a kaina, shi ya sa na bi hanyar da ta fi rage ta.

Abin da ya fi ɗaga makina shi ne sauya ranar biya. Galibin bankuna suna kai rahoton abin da ke kan kati ne a ranar da aka rufe lissafin wata, ba ranar wa'adin biya ba. Idan iyakar katinka dala 5,000 ce, aka rufe lissafi da dala 2,500 a kai, to za a gan ka a matsayin wanda ya ci rabin iyakarsa, ko da ka biya washegari. Na koma biya kafin ranar rufewa, ina neman sauka ƙasa da kashi 30 cikin ɗari, daga baya ƙasa da 10. Katin da na gama biya kuma ban rufe shi ba in dai ba a cajin kuɗin shekara a kansa, domin rufewa tana rage jimillar iyakar da ake auna bashin da ita. Tayin mayar da bashi kan sabon kati mai rangwamen ruwa na ƙi shi, saboda ladan kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari na bashin da ake cira, ga kuma binciken tarihin bashi da neman sabon kati ke jawowa, wanda kan iya taɓa maki.

Akwai wata magana da ke yawo a tsakanin 'yan'uwanmu, wai dole ne a bar ɗan bashi yana kwana a kan kati don maki ya hau. Wannan magana tana ci mini rai, domin tana jefa mutane cikin riba ba gaira ba dalili. Makin ba ya duba ko ka biya ruwa. Wanda ya biya dukkan abin da ke takardar wata kafin wa'adi, ba a ɗora masa ruwa a kan sayayyarsa, kuma tarihinsa na biya yana ci gaba da ƙaruwa. Haka nake yi tun da na gama, sannan nakan duba rahotona kyauta a AnnualCreditReport.com don in tabbatar kowane banki ya rubuta abin da na biya daidai.