Darussa daga aikin kare lemur mai cin gora

Darasi na farko da aikin kare babban lemur mai cin gora, Prolemur simus, wata dabba dangin biri, ke koya wa mutum shi ne a fara neman gora kafin a nemi dabbar. A Madagaska kaɗai take, nauyinta bai wuce kilo biyu da rabi ba, kuma a dajin Ranomafana kusan duk abincinta gora ce iri ɗaya, wadda mutanen wurin ke kira volohosy. An daɗe ana zaton ta ƙare, sai a 1986 aka sake ganinta a yankin, aka kuma kafa gandun Ranomafana a 1991.

Mai ƙidaya ya fi samun alama fiye da dabbar kanta. A duba karan gora da aka tsaga aka cinye cikinsa, da ɓawon da ya zube a gindi, da kashi. In tsagar ɗanya ce, garken na kusa.

Tsagar nan ita ce babbar damuwa. Da damina lemur na cin sabon tofon gora mai laushi da gina jiki, duk da gubar sayanaid da ke cikinsa. Da rani ya shigo sai ta koma ɓare busasshen kara da haƙori, kamar mai shan rake, don ta kai ga cikinsa. Abincin ba shi da ƙarfi, kuma yana cinye haƙora. In ruwa ya makara, watannin cin kara sun ƙaru, alhali macen na haihuwa ne wajen Oktoba zuwa Nuwamba, ɗa guda a shekara, daidai lokacin da take buƙatar tofo don ta shayar. Garken da ke hayayyafa a hankali haka ba ya jure asarar 'ya'ya shekara biyu a jere.

Shata iyakar gandu kaɗai ba ta isa ba, domin garke da yawa suna wajenta ne, a tsohon sassabe inda gora ta sake tsirowa, kusa da gonakin shinkafa. Suna shiga gona su yi ɓarna, manomin da aka ci masa shinkafa kuwa ba zai saurari wa'azi ba. Abin da ya fi tasiri shi ne ɗaukar 'yan ƙauyen aikin bin garke kullum da gadin gona kafin girbi, a share ciyayin gefen gona, a kuma dasa gora da itatuwan asali tsakanin guntayen daji don garke ya iya haɗuwa da wani.