Asabar: wandon makaranta da kwandon tumatir

Sanyin yau ya fi na jiya. Bayan sallar asuba na koma cikin bargo ina jin iskar hunturu tana buga langa-langar ƙofa, ban miƙe ba sai da Auta ya zo ya tsaya a kaina yana cewa cikinsa na kuka.

Tuwon masarar jiya ya rage malmala huɗu, miyar kuka ma akwai saura a gindin tukunya. Na ƙara mata ruwa da ɗan daddawa, na yanka tuwon a ciki, na bar shi ya ɗumamu a hankali, da na sauke na ɗiga man shanu. Yara sun so shayi da burodi, na ce su bari sai gobe Lahadi. Sun yi ƙunƙuni, amma kwanon da suka miƙo min ko wanki ba ya buƙata. Ƙanzon na kankare shi na baza a faifai. Idan ya taru, rana ɗaya zan jiƙa in kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa, abincin rana ya samu ba a taɓa buhu ba.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 na raba wa wutata aiki. Gas na ruwan shayi ne da abin gaggawa. Duk abin da zai daɗe a kan wuta, gawayi ne. Waken rana tun daren jiya na jiƙa shi, yau na jefa masa 'yar kanwa, kafin gawayin ya ci rabi ya yi luguf. Da ragowar garwashin na ɗora ruwan wankan yara.

Wajen ƙarfe goma Baban yara ya shigo da kwandon tumatir daga kasuwar 'Yankaba, ɗan dako na biye da shi. Yanzu ne lokacinsa, na noman rani yana ta fitowa daga wajen Kura da Kadawa, wanda bai shanya yanzu ba zai sayi gwangwani da damina yana tsaki. Ni da babbar 'yata muka zauna muka tsince masu ƙarfi, muka raba kowanne biyu, waɗanda suka fara laushi na ware na markaɗe. Shanyar tumatir a hunturu tana da daɗi don iska busasshiya ce, sai dai ƙura. Dabarata tsohon gidan sauro: in shimfiɗa buhu, in jera tumatirin cikinsa na kallon sama, in rufe da ragar, in danne gefe da duwatsu. Ba ƙuda, ba kaji. Har yau ina tuna 2016, shekarar da tsutsa ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna, ɗanye ya gagari talaka. Busasshen da Innarmu ta aiko min a ƙullin leda shi ya riƙe mana miya wata da watanni. Daga nan ban ƙara raina shanya ba.

To, abin da ya cinye min rana dai wando ne.

Yarona na tsakiya ya kawo wandon makarantarsa, gwiwar hagu ta fashe wajen ƙwallo. Ya miƙo min ya ƙi sakin ɗaya ƙafar. Ya ce, "Umma, don Allah kar ki yi irin na wancan karon. 'Yan ajinmu cewa suke na ɗauko taswirar Najeriya a gwiwa." Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na tuna facin. Gaskiyarsa. Sabon ƙyalle na sa, shuɗinsa ya fi na wandon duhu, na ɗora shi daga waje kuma da farin zare, don shi ne a bobin kuma ina sauri. Ni na tsimi kuɗin wando, shi ya biya da kunya zango guda bai faɗa min ba. Abin ya tsaya min a rai.

Na janyo keken ɗinkin Inna. Butterfly ce mai ƙafa, baƙa, zanen ruwan gwal ɗinta duk ya goge, ta girme ni ko mu zo sa'a. Ba ruwanta da an kawo wuta ko an ɗauke, ɗigon mai kawai take so da a share mata auduga a ƙarƙashin haƙori. Wannan karon na zauna na yi tunani kafin in taɓa almakashi. Ƙyallen da zai dace da wando wanda ya sha wanki da rana, a jikin wandon yake. Na farke aljihun baya a hankali da reza, na goge shi. Na juya wandon, na farke ɗinkin gefen ƙafa kamar taƙi guda don gwiwar ta kwanta a kan keke, na sa ƙyallen daga ciki, zarensa na bin zaren wandon, na kama da ɗinkin hannu tukuna. Sannan na juyo waje na bi ta kan yagar, gaba da baya, layi kusa da layi. Zare kuwa sai da na zazzage gwangwanin zaruruwa gaba ɗaya, na fita tsakar gida ina gwadawa a hasken rana, don a ɗaki duk shuɗi ɗaya ne. Allura ɗaya ta karye a kan kauri. Aikin da da nake yi a minti goma ya kai ni har kiran azahar.

Ina cikin haka maƙwabciyata ta leƙo da siket ɗin 'yarta, zif ya lalace. Ina da tsofaffin zif da maɓallai da nake cirewa daga duk kayan da ya mutu kafin ya koma tsumma, na zaɓo mata ɗaya. Ta kalli gwangwanin ta ce, "Maman Auta, ke kam ko zare ba ya faɗuwa banza a gidanki." Na yi dariya, ban dai gane yabo ne ko ana nufin maƙo ba. Anjima ta aiko min da kwanon zogale, na bar shi a yabo.

Da la'asar na ba babbar 'yata wani tsohon zanina na atamfa, wanda na saya a Kantin Kwari shekarar da aka haife ta. Tsakiyarsa ta sirance amma bakinsa da sauran ƙarfi. Ta yanka rigar filo biyu, ta ɗinka da kanta. Kalmasar ta karkace kamar hanyar ƙauye, ban ce ta farke ba. Ƙafarta ta fara kama bugun keken, ba ta mayar da shi baya zare ya cukurkuɗe kamar makon jiya.

Bayan magariba na kira mai wando. Ya sa, ya je ƙarƙashin fitila, ya ɗaga gwiwa ya duba, ya shafa, ya sake dubawa. Ya ce, "Umma, wace ƙafar ce ma?" Ban amsa ba, daɗi ya hana ni. Ya juya zai fita, ya kai hannu baya zai sa biro, hannun ya zame.

"Umma, ina aljihuna?"

Babansa ya yi dariya har ya ƙware da ruwa. Na ce yana gwiwarka, ka yi maneji da na gefe. Yanzu zan tashi in kwashe tumatir in shigar da shi rumfa saboda ɓeraye, bayana kuma yana min ciwo.