Godiya ga malaman da suka yi mana bayani kan tsarin unguwa a Gadarif, gabashin Sudan

Assalamu alaikum. A madadin kwamitin unguwa, muna miƙa godiya ga malamai uku da suka amsa gayyatarmu, suka zauna da jama'a a harabar makarantar allo kan batun muhalli da tsarin gari kafin damina ta kankama.

Injiniya, Allah ya saka da alheri. Kai ka warware abin da magidanta suka daɗe suna ɗora wa magina laifinsa. Baƙar lakar Gadarif tana kumbura idan ta sha ruwa, ta tsuke ta dare da rani, wannan motsin ne ke tsaga bango ko da an zuba siminti mai kyau. Maganin da ka bayar a fili yake: a nutsa tushe ya wuce inda ƙasa ke darewa, a shimfiɗa yashi a ƙarƙashinsa, a kewaye ginin da daɓe mai faɗin mita 1 zuwa 1.5 wanda ya gangara waje, kada indararo ya riƙa zuba a gindin bango. Darbejiya kuma a nisanta ta da gini gwargwadon tsayin da za ta kai, don saiwarta na tsotse damshi ta gefe ɗaya, ginin ya karkata.

Inda aka fi jan magana shi ne lambatu, kuma ya cancanta. Kowa na cika ƙofar gidansa da ƙasa ya tura wa maƙwabci ruwa, ƙarshenta layin ya zama tafki. Haƙa ana fara ta ne daga gangare, inda ruwan zai faɗa kwarin Abu Farga ko wani reshensa, a hauro sama, da gangarar kusan santimita 1 a kowace mita. Wanda ya fara daga ƙofar gidansa rami kawai ya yi wa sauro.

Malama mai nazarin zamantakewa, mun gode ƙwarai. A ganinmu naki bayanin ne ya fi wuyar aiwatarwa. Kin ce kafin a zana taswira a tambayi mata da masu sayar da ruwa a amalanken jaki, su suka san inda ruwa ke kwana. Kin kuma tuna mana cewa 'yan'uwan da yaƙi ya koro daga Khartum tun 2023, da na Madani daga baya, da yawansu sun sauka a filayen kwari ne don nan kaɗai suka samu. A sa su cikin shawara da aikin gayya.

Likita, ba mu manta kwalarar 2023 ba. Mun rubuta ma'auninka: masai ya yi nesa da rijiya aƙalla mita 30, ƙasan ramin ya tsaya mita 1.5 sama da ruwan ƙasa, a ɗaure cikinsa da jan bulo don laka na ruftawa, a ɗaga bakinsa kada ambaliya ta shiga.

Godiya ga liman da ya yi sanarwa, da iyayenmu mata da suka yi hidimar shayi, da samarin da suka kafa rumfa. Gayyar yashe lambatu za ta fara Asabar bayan sallar asuba daga ƙasan layin kasuwa. Kowane gida ya turo mutum ɗaya da shebur ko diga.