Murjani ma yana buƙatar dare

Murjani dabba ne na cikin teku, amma yawancin abincinsa a hannun haske yake. A cikin jikinsa akwai ƙananan halittu masu kama da tsirrai da ido ba ya gani, su ke amfani da haske su haɗa masa abinci, su kuma ba shi launi. Idan haske ya yi yawa, sai ya kore su, ya yi fari fat. Abin da na fi tsoro ke nan a tankina na gilashi da nake kiwon murjani a ciki.

Shi ya sa fitilar LED ɗina take kunna kanta a kan lokaci. Shuɗin haske ke fara shigowa a hankali da hantsi, farin ya biyo baya na kusan awa 8, sannan ya dushe. Gaba ɗaya ba na wuce awa 12. Acropora, wani nau'in murjani mai tauri mai son haske, yana sama, nau'o'i masu laushi kuma suna ƙasa a gindin dutse. Sabon murjani kuwa, rage masa haske nake yi, in riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan cikin makonni.

Da dare ne da yawa daga cikin murjani ke miƙo 'yan hannuwansu suna kama abinci a ruwa. Barin fitila har tsakar dare yana takura musu, yana kuma cika gilashi da gansakuka.