Saƙon godiya daga iyalai da ma'aikatan marigayi Baba Likita

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mu iyalan marigayi Baba Likita, tare da ma'aikatan jinya da ungozomomi da masu ba da magani da suka yi aiki a ƙarƙashinsa, muna miƙa godiya ga duk wanda ya tsaya mana tun daga ranar da Allah Ya karɓi abinsa har aka tashi daga zaman makoki. Mun gode wa waɗanda suka yi masa wanka da sutura, da samarin unguwa da suka haƙa kabari, da liman da ya sallace shi, da maƙwabtan da suka buɗe zaurukansu suka sauki baƙi, da matan da ba su bari tukunyar gidan ta hau murhu ba. Waɗanda suka yo takakkiya daga ƙauyuka da waɗanda suka bugo waya daga nesa, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Shi kuma Allah Ya jiƙansa, Ya kai haske kabarinsa, Ya sa tamu ta yi kyau in ta zo.

A wajen gaisuwa, iyaye mata da dama sun roƙi a rubuta abubuwan da ya sha nanata musu, don kada su tafi tare da shi.

Babu abin da ya fi cin yawunsa kamar ruwan gishiri da sukari, musamman da damina in amai da gudawa suka ɓarke. Ƙullin da ake bayarwa a asibiti shi ne na gaba, a narkar da guda a cikin ruwa mai tsabta lita ɗaya. In babu, a haɗa a gida: lita ɗaya, wato leda biyu ta fiya wata, da sukari cokalin shayi 6 a shafe, da gishiri rabin cokalin shayi. Ya fi tsananta wa mutane a kan kalmar nan "a shafe", domin a nan ake ɓarna. Gishiri in ya yi yawa yana iya jefa yaro cikin jijjiga, sukari in ya zarce yana ƙara jawo ruwa zuwa hanji, gudawar ta ƙaru. Haɗin da ya kwana ya wuni, a zubar a sake sabo. Yaro in ya yi amai, a dakata minti 10 sannan a ci gaba da cokali a hankali, kuma ba a janye masa nono. Ana haɗawa da ƙwayar zinc, miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga jaririn da bai kai wata 6 ba. Iyaye sukan ajiye ƙwayar da zarar gudawa ta tsaya, alhali ƙarasa ta ne ke rage dawowar ciwon a watannin da ke biye. Amma in ido ya faɗa, maɗiga ta lotsa, aka tsunkuli fatar ciki ta ƙi komawa da sauri, ko yaro ya kasa sha, to an wuce maganin gida. Sai ƙarin ruwa a asibiti, ko tsakar dare ne.

Yana cikin likitocin da suka ga annobar sanƙarau ta 1996, wadda ta kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 11,000, akasari a Arewa. Daga ita ya riƙe wani abu da yake koya wa kowane sabon ma'aikaci: kada a jira sanƙarewar wuya a jikin jariri. Jariri sau da yawa zazzaɓi zai yi, ya ƙi nono, maɗiga ta kumbura, wuyan kuwa yana lanƙwasuwa lafiya lau. Wanda ya warke kuma a gwada jinsa kafin a manta da shi, domin kurumta na daga cikin abin da ciwon ke bari. Ba ya kuma son cunkoson kwana a ɗaki rufe daga ƙarshen hunturu zuwa bazara, domin a nan ne ciwon ya fi yaɗuwa.

Firjin rigakafi kuwa, da kansa yake duba shi safe da yamma. Ma'aunin ya tsaya tsakanin digiri 2 da 8. Mutane sun ɗauka zafi kaɗai ke lalata allura, alhali ƙanƙara ma na kashe wasu, irin su penta, wato allurar da ta haɗa rigakafin cututtuka biyar, da ta ciwon hanta, shi ya sa ba a jingina su da ƙanƙarar akwatin ɗauka. Kwalbar allurar ƙyanda ko ta BCG, wato rigakafin tarin fuka, in an haɗa ta, awa 6 ne iyakarta, ko da saura a ciki. Wasu na ganin zubar da ita asara ce, shi kuwa bai taɓa sassautawa a nan ba, kuma a ganinmu gaskiya ce tasa. Ya sha wahalar shekarar 2003 lokacin da aka dakatar da ɗigon shan-inna a Kano, kuma Allah Ya raya shi ya ga 2020, da aka tabbatar nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji, wato ta asali, ba wadda ta samo tushe daga ɗigon rigakafi ba.

Da wanzamai da ungozomomin gargajiya bai yi gaba ba. Zama yake da su, ya roƙe su abu kaɗan: sabuwar reza ga kowane mutum, kada a sa toka a cibiya, mai naƙudar da ta wuni ta kwana a kawo ta kafin ta kai ga yoyon fitsari, mai cikin da fuskarta ta kumbura tana ciwon kai da gani dishi-dishi a auna jininta a ranar.

Ga marasa lafiyarsa, asibiti na nan a buɗe, katunanku kuma suna nan a adane. Masu hawan jini da ciwon suga, don Allah kada ku dakatar da magani saboda rasuwarsa ko don kun ji sauƙi. Hawan jini ba ya sallama kafin ya kai ga shanyewar ɓarin jiki. Masu maganin tarin fuka su cika watanninsu 6 cif, domin yankewa a tsakiya ke sa ƙwayar cutar ta daina jin magani. Kowa ya zo da katinsa da kwalayen magungunan da yake sha, har da na gargajiya, don likitan da zai karɓe shi ya gani da idonsa. Wanda ke son komawa wani asibiti za a rubuta masa takardar bayanin jinyarsa.

Duk wanda ke bin marigayi bashi, ko yake da ajiya a hannunsa, ya samu babban ɗansa a gida kafin a zauna rabon gado. Wanda ya taɓa saɓa wa kuma, musamman a kan faɗan da yakan yi in an kawo yaro a makare, muna roƙon ya yafe masa.